Sayi Injin da Aljihunka Zai Ɗauka

Duk mai shirin sayen jif ta hannu a Nassarawo, ya duba inji kafin fenti da kujerun fata su ruɗe shi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, Lexus LX 570 mai silinda takwas ta koma sai masu hannu da shuni. Zuwa Yola daga Mubi ta Hong da Gombi ma sai aljihu ya girgiza. Prado 2.7 mai silinda huɗu kuwa nishi take yi a hawa idan an yi lodi. A ganina, silinda shida ce daidai, kamar RX 350 ta kafin 2023 ko Prado 4.0: ƙarfinta ya isa, makanikan Mubi sun san cikinta, kayan gyaranta kuma ba sa wuyar samu.