Magariya da Dungas: Hukuma, Maigida da Dokar Gari

Duk shekara, da damina ta ƙarato, hukumomin garuruwa sukan tashi ma'aikatansu su zaga unguwanni. Wani maigida ya tura katangarsa cikin hanya. Wani ya haƙa kwatami a bakin titi, ƙazamin ruwa yana kwance, sauro yana ƙyanƙyasa. Wani kuma ya gina ɗaki a kan magudanar ruwa. A gundumomin Magariya da Dungas, inda jama'a ta yi yawa, fili kuma ya yi ƙaranci, wannan al'amari ya wuce wasa.

Ikon hukuma a nan ba baƙon abu ba ne. Tsofaffi suna tune da duba-gari na zamanin Turawa, mai leƙa randuna da salga. Bayan samun ƴancin kai, ƙasa ta kafa nata dokoki. Dokar tsabtar jama'a ta 1993 ta hana zuba ƙazanta a kan hanya. A ranar 2 ga Maris ta wannan shekara aka sa hannu kan dokar tsarin karkara, wadda ta haifi kwamitocin filaye na gunduma, na ƙaramar hukuma da na ƙauye. Aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004. Dokar 2010 kuwa ta ɗora wa magajin gari nauyin kiyaye tsabta, hanyoyi da lafiyar jama'a a yankinsa.

Hanyar da ta dace sananna ce. Da farko gargaɗi, ta bakin mai unguwa ko ma'aikacin hukuma. Sai wa'adi, domin maigida ya gyara da hannunsa. In ya ƙi, sai tara, tare da takardar shaidar biya. Rushewa ita ce ta ƙarshe. Idan rigimar ta iyaka ce tsakanin maƙwabta, sarki ne ke fara sulhu, a rubuta abin da aka shirya. In sulhu ya gagara, sai kotu.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Gidaje da yawa sun riga taswirar gari zuwa. Maigida ya gaji feginsa daga kakanni, ko ya saye shi a gaban shaidu, ba tare da takarda ba. Daga baya aka zo aka ja layi, aka ce zaurensa ya shiga titi. Wannan mutum bai keta doka ba, hanya ce ta iske shi. Dokar 1961 ta ce in ƙasa za ta karɓi mallakar mutum don amfanin jama'a, sai an biya shi diyya tukuna. Wajibi ne hukuma ta bambanta shi da wanda ya ga turakun ma'auna, ya tumɓuke su, ya yi gini da gangan.

Dungas ta zama gunduma a 2011, bayan an cire ta daga Magariya. Ƙananan hukumomin karkara irin su Gushi, Mallawa, Dogo-Dogo, Bande da Washa ba su da kuɗi da ma'aikata kamar Damagaram. Hukumar da asusunta ya bushe takan ɗauki tara tamkar lanho. Nan ne haɗarin yake, domin ba a kafa tara don cika asusu ba, an kafa ta ne don gyaran hali.

A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun da aka zaɓa, aka naɗa kantomomi. Wakilin unguwa mai kai kukan talaka ya kau, nauyin adalci ya koma wuyan kantoma da sarakuna.

Sakaci ma yana da nasa farashi. Ambaliyar 2024 ta halaka sama da mutum 300 a Nijar, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. Ruwa ba ya manta hanyarsa, kuma gidan da ya tare shi yakan jawo wa maƙwabta asara.

Saboda haka kowa da nasa aiki. Hukuma ta fara fitar da taswira, ta karanta ta ga jama'a da Hausa, ta yi wa attajiri da talaka awo da mudu ɗaya. Maigida kuwa ya nemi takardar feginsa a kwamitin filaye, ya tambayi izini kafin ya haƙa tushe, kada kuma ya ba kowa ko dala ba tare da takardar shaida ba.