Chungmuro: Suna Ya Rage, Kasuwa Ta Tashi

Har yau idan jaridun Koriya ta Kudu za su yabi sabon jarumin fim, sai su kira shi tauraron Chungmuro. Chungmuro titi ne a tsakiyar birnin Seoul, wanda aka raɗa wa laƙabin gwarzon yaƙin ruwa Yi Sun-sin a 1946, bayan ficewar Japanawa. Masu sharhi sun mai da shi uwa ma ba da mama, wai daga can ɗaukakar fina-finan Koriya ta ɓulɓulo. Maganar na da daɗin ji, amma tarihi bai goyi bayanta ba.

Gaskiya ne a shekarun 1950 da 1960 kamfanonin fim sun yi cincirindo a wurin, furodusoshi na ƙulla ciniki a shagunan shan gahawa. A zamanin ne darakta Kim Ki-young ya fitar da fim ɗin The Housemaid a 1960. Sai dai masu kewar wancan lokaci suna tsallake rabin labarin. Gwamnatin soja ta hana nuna fim ɗin Obaltan a 1961, aka kuma kama darakta Lee Man-hee a 1965, laifinsa kawai ya nuna sojojin Koriya ta Arewa a matsayin mutane masu tausayi. Ga dokar da ta ɗaure izinin shigo da fina-finan waje, inda riba take, da yawan fina-finan gida da kamfani ya yi. Sakamakon? Aka riƙa sakin fina-finan cika lissafi, waɗanda ko masu su ba su damu a kalla ba.

Abin da ya ɗaga sana'ar daga baya, daga wasu wurare ya zo. A 1996 Kotun Tsarin Mulki ta soke tace fim kafin fitowarsa, a shekarar kuma aka fara bikin fina-finai na Busan. Kuɗin Samsung ne suka haifi fim ɗin Shiri a 1999. Parasite da ya lashe Oscar huɗu a 2020, kamfanin CJ ne ya tsaya masa, gidan attajiran da ke cikinsa kuma a birnin Jeonju aka gina shi.

Kamfanonin fim tuni suka tattara komatsai zuwa unguwar Gangnam, hukumar fina-finai ta ƙasa ta koma Busan a 2013. Wanda ya sauka tashar jirgin ƙasa ta Chungmuro yau, maɗaba'u zai tarar a lunguna, da babura masu jigilar damman takarda. Sinimar Daehan da ke wurin ma, da aka buɗe a 1958, ta rufe a 2024.