Kwamfutar Da Ba Ta Jin Hausa: Aikin Yana Wuyanmu

A hutun da ya wuce na leƙa wani shagon buga takardu a Garki ta Inugu, unguwar da na koyi Hausa a bakin 'yan kasuwa tun ina yaro. Na tarar da mai shagon cikin damuwa. An gaya masa cewa tun 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutocinsa uku ba za su ɗauki Windows 11 ba. Kuɗin sababbi kuwa babu su.

Na ce masa, "Baba Alhaji, akwai Linux." Wannan babbar manhaja ce da Linus Torvalds ya faro a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Kyauta ce, kuma kowa yana da izinin duba cikinta, ya gyara, ya raba. Daga gare ta aka gina Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya ƙaddamar a 2004, da ƙanwarta Lubuntu da aka yi domin na'urori marasa ƙarfi. Sai ya yi mini tambaya ɗaya: "To, tana jin Hausa?" Na yi shiru.

Gaskiya ita ce Linux tana da tsarin madannai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, amma yawancin umarnin da ke kan allo da Turanci suke. A tsakiyar shekarun 2000 kamfanin Leapsoft na Nijeriya ya fito da Wazobia Linux da Hausa da Yarbanci da Ibo, sai dai ba ta yaɗu ba. A ganina, wannan giɓi mu ɗaliban Hausa ya kamata mu cike, domin ƙofa a buɗe take. Ga shawarwari uku.

Na farko, sashenmu ya mayar da fassarar Ubuntu aikin aji. Ana yin ta ne a dandalin Launchpad, kuma ba ta buƙatar ilimin injiniya. Kowane ɗalibi ya ɗauki kalmomi ɗari, malami ya duba.

Na biyu, kada mu ƙirƙiri kalmomi a aji mu tsaya nan. Mu kai su wurin masu shaguna a titin Bida da ke Anaca da kuma Mile 3 a Fatakwal, mu ji wadda suke ganewa nan take: "adana" ko "ajiye"? "Goge" ko "share"? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na uku, a nemi izinin sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa a ware rana guda, mu zo da filashi mu sa wa mai so manhajar kyauta. A gayyaci masu gyaran kwamfuta na kusa, waɗanda yawancinsu 'yan ƙabilar Ibo ne, domin su za a nema idan abu ya lalace.

Wani zai ce ai yanzu kowa waya yake riƙewa. Haka ne, amma takardar yarjejeniya da rasit da katin ɗaurin aure har yau a shago ake buga su. Kuma wajibi ne mu faɗa wa mutane gaskiya: wasu manhajojin da suka saba da su, kamar CorelDRAW, ba a yi su domin Linux ba, sai an koyi madadinsu irin su Inkscape da LibreOffice.

'Yan'uwana ɗalibai, muna yawan kukan cewa zamani ya bar Hausa a baya. Ga wurin da ba a neman kuɗinmu, sai lokacinmu da abin da aka koya mana. Ni dai na yi wa Baba Alhaji alkawarin komawa da amsa, kuma ba na so in sake yin shiru a gabansa. Allah ya ba mu iko.