Jama'a, Ku Ɗaga Kai!

Ya ku 'yan'uwa maza da mata, yaushe rabonku da kallon sama? Ba kallon mai tsoron kada hadari ya hana shi cin kasuwa ba. Kallon tsanaki nake nufi, wanda "Subhanallah" take kuɓuce wa mutum bai shirya ba.

Duk mun sunkuya. Ɗan Kantin Kwari yana kan lissafi, mai a-daidaita-sahu idonsa na kan fasinjan gaba, ma'aikaci ya duƙufa kan kwamfuta, da dare kuma kowa ya rungumi wayarsa. Neman halal ibada ne, babu musu. Amma ku duba, lokutan sallah da tafiyar rana aka ɗaure su, tun daga ketowar alfijir har ɓacewar jan shafaƙi. Kakanninmu inuwa suke aunawa da tafin ƙafa su san La'asar ta yi, mu kuwa sai waya ta yi ƙara. Jinjirin wata ma mun bar wa kwamitin Sarkin Musulmi. Bin sanarwar daidai ne, to amma wa ya hana ka fita bayan gida ka fuskanci yamma?

Ku buɗe Alƙur'ani ku bi sunayen surori kawai. Cikin 114 ɗin nan akwai ta ƙudan zuma, ta tururuwa, ta gizo-gizo, ta tsawa, ta dare, ta hantsi. Muna karanta su da asuba, sannan mu wuce masu sunayen da gudu kafin ƙarfe takwas!

Ku tsaya gindin gawo. Da damina kowace bishiya tana sa sabon ganye, shi kuwa sai ya zubar da nasa, rana ta sami geron da ke ƙarƙashinsa, ganyen da ya zuba ya zama taki. Idan rani ya tsananta, ciyawa ta ƙone, makiyayi ya rasa inda zai sa kansa, sai ga gawo kore shar, ga inuwa, ga 'ya'ya tumaki na tsinta. Masana za su ce saiwarsa ce take nutsawa har ta cim ma ruwan ƙasa. Gaskiya ne, kuma ni wannan bayanin ƙara mini mamaki yake yi: wa ya tsara masa ya saɓa wa sauran itatuwa daidai lokacin da ake bukatar saɓanin? Manoman Maraɗi da Damagaram sun lura da wannan. Tun shekarun 1980 suka riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu, har aka ƙiyasta bishiyoyi miliyan 200 sun dawo a ƙasar Nijar.

Ga shamuwa, da take tasowa daga kudancin Afirka ta sauka a tsakiyar gari gab da faɗuwar ruwa, manomi ya ganta ya fara gyaran fartanya. Ga tsuntsayen da suke ketare Sahara daga Turai su yi hunturu a dausayin Haɗeja da Nguru, ba taswira ba ɗan jagora. Yaranmu nawa ne suka san da su? Sun dai haddace 'yan wasan ƙwallon Ingila har na benci.

Don haka mu tashi! Liman, ka ware huɗuba guda kan ayoyin Allah da ke ƙofar masallacinka. Malamin makaranta, na allo da na boko, fitar da yara daga aji su ga tururuwa tana jan ƙwayar da ta fi ta girma. Uwa, ranar da aka ɗauke wuta kada ki tsaya tsaki. Shimfiɗa tabarma a tsakar gida ki nuna wa 'ya'yanki taurarin Kaza da 'Ya'yanta. Ɗan kasuwa, tsakanin alwala da iƙama ka bar wayar nan a aljihu. Kai kuma mai sabon fuloti, kafin ka kira mai gatari, ka sa a gyara zanen ginin, kukar nan ta tsaya inda ka same ta.