Dakatar da Jeune Afrique Ba Ya Kawo 'Yanci

Mujallar Jeune Afrique ta fara fitowa a Tunis a 1960 da sunan Afrique Action, a hannun Béchir Ben Yahmed, tsohon ministan yaɗa labaran shugaban Tunisiya Bourguiba. Ta sauya suna a 1961, ta yada zango a Roma, ta kafa gida a Paris a 1964. Daga nan ta zama abin karatun fadar shugabanni da jakadu daga Dakar zuwa Yamai, kuma zargin lallaɓa masu mulki bai taɓa rabuwa da ita ba.

A Satumba 2023 sojojin Burkina Faso suka dakatar da ita don ta rubuta cewa akwai ɓaraka a rundunarsu. Aka yi ta tafi, wai an karya lagon Faransa. Wannan magana ba ta da tushe. Ba don ta yabi Faransa aka rufe ta ba, don ta taɓa kakin soja ne. Masu cewa tsaron ƙasa ne ya jawo su nuna ƙauye ɗaya da ya tsira saboda an hana sayar da mujalla.

Manomin Isa a jihar Sakkwato bai taɓa riƙe ta ba, amma irin hannun da ya rufe ta ya iso har akwatin rediyonsa. A Agusta 2023 Nijar ta dakatar da RFI da France 24, a Disamba 2024 ta dakatar da BBC wata uku. Sassan Hausa na irin waɗannan tashoshi su ne hanyar da Bagobirin Sabon Birni ke jin halin ɗan'uwansa na Tibiri a Nijar, da halin waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Gidan Rumji tun 2019.

Mutanen wannan yanki sun ɗanɗana shiru, sun san ɗacinsa. A Satumba 2021 aka katse layin waya a Isa da Sabon Birni da sunan yaƙi da 'yan bindiga. Mutane suka koma neman sabis ɗin Nijar don su kira 'yan'uwa. Kashe-kashen ba su tsaya ba: a Disambar shekarar aka ƙona matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni. Iyakar da Ingila da Faransa suka tsaga Gobir da ita tana nan, kuma gwamnatocin da ke la'antar Turawa su ne ke ƙara mata katanga a kan labarai.