Yadda yaran Ailan suka rubuta tarihin garuruwansu

A ganina, abin da yaro yake gani kullum a gida da kasuwa shi ma tarihi ne, kuma makaranta ce ta fi cancanta ta adana shi. Ƙasar Ailan ta gwada wannan tun kakanninmu suna yara.

A 1937, hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasar, wadda aka kafa a 1935, ta haɗa kai da ma'aikatar ilimi da malaman firamare. Aka umarci ɗalibai na manyan azuzuwa su koma gida su tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta yadda ake rayuwa a garinsu: me ake ci, yaya ake gasa burodi da kaɗa madara a fitar da man shanu, yaya ake noman dankali, wane wasa yara ke yi, wane magani ake ba mai tari, yaya ranar kasuwa take, me tsofaffi suka ji game da babbar yunwar da ta fara a 1845. Yaro ya rubuta a kayensa, ya sa sunan wanda ya ba shi labarin da shekarunsa. Zuwa farkon 1939, yara fiye da 50,000 daga makarantu wajen 5,000 sun cika shafi kusan 740,000, wasu da Turanci, wasu da harshensu na gado. Takardun suna ajiye a jami'a a Dublin, an kuma sa da yawansu a intanet. Yau mutum yana iya neman sunan garinsu ya tarar da rubutun kakarsa tana ƴar shekara 12.

Me ya sa nake ganin hanyar ta fi ta jiran marubuci guda? A 1996 Frank McCourt ya fitar da littafi a kan yarintarsa cikin talauci a birnin Limerick. Duniya ta yaba, ya ci kyautar Pulitzer, amma wasu mutanen birnin suka ce ya yi musu ƙari. Mutum ɗaya yana tuna abin da ya fi yi masa ciwo. Idan yara 40 suka tambayi tsofaffi 40, labarin wannan yana gyara na wancan.

Malamai za su ce aiki ya yi musu yawa, aji cike, lokaci babu. Gaskiya ne. Sai dai a Ailan ba a ƙara wani darasi ba, lokacin rubutun insha'i aka ba aikin. Yaro yana koyon yin tambaya da sauraro da tsara jimla, a kan abin da ya shafe shi.

Mu ma muna da masu ba da labari. Waɗanda suka ga yunwar 1973 da ta 1984 suna nan a Maradi da Damagaram da Tawa, haka waɗanda suka san kasuwancin gyaɗa da wasannin dandali. Cibiyar CELHTO a Yamai tana adana tarihin baka, amma ba za ta iya shiga kowane gida ba. Ɗalibai kuwa kullum a gida suke kwana.

Malam, ka ware kaye ɗaya na aji da awa ɗaya a mako, ka bar yara su rubuta da harshen da aka ba su labarin. Iyaye kuma, idan yaro ya zo da tambaya bayan isha'i, a zaunar da shi kusa da kaka, a kashe rediyo har ta gama.