Kacala da Aikin Gayya a Kogin Haɗeja

Ya ku 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu, muna roƙon ku ba mu aron hankalinku kan wata magana wadda ba ta cikin littattafan da muke karantawa, amma da yawa daga cikinmu za su tarad da ita tana jiransu a garuruwan da za a aika su koyarwa. Maganar kuwa ita ce ta ciyawar nan kacala wadda ta shaƙe hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja da Nguru, da kuma talakawan da ke fita yaƙi da ita da lauje da adda, ba mai biyansu ko anini.

Wanda bai san ƙasar ba sai mu kwatanta masa. Kogin Kano da na Challawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja. Da ya wuce garin Haɗeja sai ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan yashi, ya rarrabu rassa rassa, kamar su Marma wadda ke zubawa a tabkin Nguru, da Burum Gana. Can wajen Gashuwa ruwan ya gamu da na Kogin Jama'are wanda ya gangaro daga duwatsun Jos, su zama Kogin Yobe, ya nufi Tabkin Cadi. A zamanin kakanninmu kogin nan yana da ƙa'ida tasa: ya cika ya malale fadamu a ƙarshen damina, ya janye da kaka, ya ƙafe da rani. Masunci ya kama kifi sa'ad da ruwa ke janyewa, manomi ya yanke shinkafa ya kuma bi danshi ya shuka wake, Bafillace ya zo daga baya ya kiwata shanunsa. Fili ɗaya, mutum uku, kowa da lokacinsa.

To, a 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa, don noman rani da ruwan shan birnin Kano. Ba mu ce ba su da amfani ba, gama kowa ya ga alkama da tumatir ɗin Kadawa ya san an ci riba. Amma tun daga nan ƙa'idar kogi ta rushe. Babbar ambaliyar da kan share kwarin kogi ta ragu, ruwa kuma ya daina ƙafewa da rani, sai ya dinga tsiyaya kaɗan kaɗan shekara duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kacala ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. In ta kafu sai ta rage wa ruwa gudu, ruwa kuwa in ya rage gudu sai ya ajiye laka, laka ta cike kwari, kacala ta ƙara samun wurin zama. Daga nan ruwa ya rasa hanya, ya fantsama cikin gonaki da gidajen waɗansu, alhali waɗansu can ƙasa suna duban busasshen rafi. Cikin duhuwarta kuma tsuntsayen janbaki ke kwana, su fito da safe su wawashe shinkafa da gero. Sauro ma ya sami gida.

Bayan shekarar 2000 garuruwan da ke bakin Marma da Burum Gana sun sha yin gangami, a sa rana, a fita da jiragen kwale-kwale, maza su shiga ruwa har ƙirji suna sara, waɗansu na ja suna tarawa a gaɓa, mata na kawo fura da tuwo. Aikin ba na rago ba ne. Akwai matsattsaku, akwai macizai, ga tsargiya wadda ke kama mai daɗewa cikin irin wannan ruwa. Kuma akwai ilmi cikinsa wanda ya kamata mu da muke taƙama da karatu mu sunkuyar da kai mu koya: in an sare kacala a bisa ruwa, ko an sa mata wuta, ba a yi kome ba, saiwarta na nan, za ta tofo. Sai an yanke ta ƙarƙashin ruwa, ruwa ya rufe kututturen, sa'an nan saiwar ta rasa iskar da ganye ke kai mata, ta ruɓe. Ko haka ɗin ma sai an maimaita sau biyu ko uku, gama kai ɗaya nata yana ɗauke da iri dubu ɗari ko fiye, iska kuwa ba ta neman iznin dagaci kafin ta kai shi garin maƙwabta.

Akwai masu cewa wannan wahalar banza ce, aikin Gwamnati ne, a jira ta kawo injin haƙa. Mu dai ba mu yarda ba. Injin yakan zo, ya buɗe hanya, ya tafi, in ba mai bin bayansa da lauje, kafin damina biyu hanyar ta sake toshewa. Wanda gonarsa ke bakin rafi shi ne ke ganin tsiron farko, shi ne kuwa zai iya cire shi tun yana ƙarami. Haka kuma a daminar 2022, da ruwa ya ci garuruwa da yawa na Jigawa, samarin Haɗeja ne suka kwana suna cika buhuna da yashi suna toshe gaɓa, ba su tsaya jiran takarda daga ofis ba.

Amma fa akwai wata gaskiya wadda masu yabon gayya ba su cika faɗa ba. Mutanen Guri da Kirikasamma ba su ne suka gina Tiga ba, ba su ne ke buɗe ƙofofinta ba. Ba adalci ba ne na tudu su ci ribar ruwa, a bar wa na gangare lauje da tsargiya, sa'an nan a tafa musu a ce sun yi kishin ƙasa. Muddin ana sakin ruwa yadda kogi ba zai sami lokacin bushewa ba, masu gayya ɗibar ruwa suke yi da kwando. A 2000 an sa tabkin Nguru da Marma cikin dausayoyin da duniya ta yi alkawarin kiyayewa, a 2006 kuma jihohi shida, wato Kano, Jigawa, Yobe, Barno, Bauci da Filato, suka yi taro a Damaturu suka kafa asusu domin gyaran kogin. Ashe manya sun san ciwon. Abin da ya rage shi ne muryar masu lauje ta riƙa isa inda ake yanke shawarar sakin ruwa.

Gayyar ma kanta tana da nata aibi in gari ya yi ta shi kaɗai. Ruwan da ka kora daga gonarka gonar wani zai tafi. An sha samun saɓani don wannan gari ya toshe wata hanya, ko ya haƙa sabuwa, na gaba da shi ya wayi gari cikin ruwa ko cikin fari. Saboda haka sai dagatai da bulamomi da sarakunan ruwa na reshe guda su zauna tare su sa rana, a kuma kira Fulani, tun da mashayarsu ce.

Nan ne aikinmu ya shigo. A ƙauye malamin makaranta shi ne mai alƙalami. Ba a ce mu fi masunta iya sara ba, ba kuwa za mu fi su ba. Amma muna iya kafa sanda mai zane a bakin rafi, yara su riƙa duba tsawon ruwa kowace Asabar suna rubutawa, darasin lissafi ke nan ya samu. Muna iya rubuta ranar da aka yi gayya, da mutum nawa suka fita, da tsawon hanyar da aka buɗe, da eka nawa ruwa ya ci. Dagacin da ya je gaban hukuma da irin wannan littafi na shekara uku ya fi wanda ya je da kuka kaɗai. Muna kuma roƙon malamanmu su yarda waɗanda za a aika gwajin koyarwa a wannan yanki su fita tare da mutanen gari ranar gayya, amma yara ƙanana su tsaya a gaɓa wajen tara ciyawa, kada a sa su cikin ruwa saboda tsargiya.